Fulotin Babana Da Tarihin Dokar Bishiya A Ƙasar Ibadan

  

Yau magana nake so in yi a kan bishiya. Na san wani zai ce duk abubuwan da ke damun Bahaushe a Kudu, ga tsadar mota, ga masu karɓar kuɗi a kan hanya, ga rigimar kasuwa, wannan yaro bai ga komai ba sai bishiya? To a yi mini haƙuri a karanta, domin ni ma da haka na ɗauke ta, sai da wasu bishiyoyin goro guda uku suka kusa raba mahaifina da kuɗin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa.

Ni a Sabo aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ne ya taso daga wajen Bebeji a ƙasar Kano yana saurayi, ya zama yaron wani maigida mai fataucin goro, yana ɗaure huhu yana raka kaya tasha. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Ibadan ba, Badun yake cewa. Babana ya gaji sana'ar, kuma duk wanda ya san Sabo ya san yadda gidajenmu suke, ɗaki a kan ɗaki, lungu ba ya wuce mutum biyu. Saboda haka burin Baba kullum shi ne ya samu fili a bayan gari ya yi mana gini mai tsakar gida. A 2019 Allah ya cika masa, ya sayi fuloti biyu a wani ƙauye ta hanyar Oyo, gaba da Moniya, a hannun wani dangi na 'yan ƙasa. Mogajin gidan, wato shugaban dangin, ya sa hannu, shaidu suka sa hannu, safiyo ya zo ya auna ya kafa duwatsu. A cikin filin akwai goro uku, da kwakwar manja kamar guda shida, sannan a kusurwar gabas akwai wata ƙatuwar bishiyar loko, wadda Yarbawa ke kira iroko.

Ranar da muka kawo leburori za su fara sara, muna isa muka tarar da wata tsohuwa ta shimfiɗa zaninta a gindin goron tana zaune. Baba ya gaishe ta da Yarbanci, ta amsa da fara'a, sannan ta ce, "Alaji, ƙasa kuka saya, Allah ya sa albarka. Amma goron nan mijina ne ya dasa shi da hannunsa, ba na dangi ba ne, nawa ne da 'ya'yana. Wanda ya sayar maka da ƙasa bai sayar maka da shi ba." Baba ya ce, "Mama, ai ga takarda." Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma a duba mata ko an rubuta goro a ciki. Na duba. Ba a rubuta ba.

A ranar ni dai cewa na yi damfara ce, irin ta 'yan omo onile da kowa ya sani, ka biya kuɗin fili, ka biya na aza harsashi, ka biya na rufin kwano. Har na fara ɗaga murya, Baba ya harare ni ya ce, "Kai, rufe mana baki, ba ka ga sa'ar kakarka ba ce?" Muka sallami leburori muka dawo gida. Daga nan ne na shiga tambayar dattawa, na kuma karanta ɗan abin da hannuna ya kai, duk da karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da na gano shi ne tsohuwar nan ba ƙirƙiro maganar ta yi ba. Ta girme ta, ta girmi Sabo ma.

A al'adar ƙasar Yarbawa tun kafin zuwan Turawa, ƙasa ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba, amma bishiyar da mutum ya dasa tasa ce, 'ya'yansa za su gada. Don haka ana iya samun fili na wani, bishiyar da ke kansa ta wani. Idan kuma baƙo ya zo ya roƙi wurin noma, ana ba shi, amma da sharaɗin da suke kira ma woke, ma'ana kada ka dubi sama. Ka noma doya da rogo da masara, duk abin da ke ƙasa naka ne, amma kwakwar manja da goro da ke sama na mai ƙasa ne. Kuma ba za ka dasa bishiya mai daɗewa ba sai da izini, domin a wurinsu dasa irin wannan bishiya kamar kafa tuta ne, gobe jikanka zai nuna ta ya ce nan gonar kakana ce. Baƙon yana kuma kai wa mai ƙasa wani abu duk shekara, wanda suke kira ishakole, don kada a manta wane ne mai wuri. Kada wani ya ɗauka don mu Hausawa aka yi wannan doka. Su kansu a tsakaninsu haka suke yi, kuma batun ishakole a kan gonakin koko yana cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin Ife da Modakeke, wanda aka daɗe ana zubar da jini a kansa.

Da na faɗa wa wani dattijo a masallacinmu wannan, sai ya yi dariya ya ce ku yaran Kurmi ba ku san gida ba. Ya ce a ƙasar Hausa ma ai ana sayar da gona a ce ban da ɗorawa, ko a raba gado wani ya ɗauki gona wani ya ɗauki tsamiya da kuka. Manomi yana share gona ya bar gawo da kaɗanya da ɗorawa a tsaye, kuma a zamanin En'e in malamin daji ya kama ka ka sare irin waɗannan ba izini, sai ka je gaban alƙali. Na ji kunya ƙwarai, domin sau uku kacal na taɓa zuwa Bebeji, kuma duk zuwan biki ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin shi kansa goron. Goron da muke ci, mai ɓari biyu, asalinsa ba na ƙasar Yarbawa ba ne a matsayin amfanin gona na sayarwa. Nasu na gargajiya shi ne wanda suke kira abata, mai ɓari uku ko huɗu, wanda suke amfani da shi a bukukuwa da al'adunsu. Namu kuwa daga Gwanja kakanninmu suke ɗauko shi, a ƙasar Gana ta yau. Ayari ya tashi daga Kano da jakuna, a yi watanni a hanya kafin a isa kasuwar Salaga, a sayi goron da ya fito daga dazukan Asante a juyo. Shi ya sa har gobe Bayarabe yake kiran irin wannan goro gbanja, wato Gwanja ce bakinsu ya juya. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanyar ta fara sauyawa, fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda shi ma mutumin Bebeji ne, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya shahara da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Da manoman Agege da Ota suka ga yadda Hausawa ke rububin goron Gwanja, sai suka fara dasa shi, daga nan ya bazu zuwa ƙasar Egba da Remo da Ijebu, har Shagamu ta zama abin da ta zama.

To ku duba wannan al'amari, jama'a. Saboda bakinmu aka dasa bishiyar nan. Mu ne masu saye, mu ne masu zaɓe mu ware goriya da marsa da minu, mu ne muka san yadda ake shimfiɗa ganye a ɗaure huhu har goro ya yi watanni ya zama daushe bai lalace ba. Amma a cikinmu da wuya ka samu wanda kakansa ya mallaki bishiyar goro ko ɗaya. Babana ya haura shekara talatin yana sayar da goro, ya san na wane gari ne da ya ɓara shi, amma sai a fulotin nan ya fara tsayawa a gindin bishiyar da yake zaton tasa ce. Ita ma aka ce ba tasa ba ce.

Ita kanta Sabo a kan irin wannan fahimta aka kafa ta. Hausawa sun daɗe a Ibadan suna zaune a cikin gari tare da 'yan ƙasa, sai a 1916 aka ware musu wuri a gefen Mokola aka ce su koma can ƙarƙashin sarkinsu. A lokacin mai sarautar Ibadan Baale ake kiransa, sai a 1936 aka koma cewa Olubadan. Wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan fataucin goro da shanu da yadda masu gida suke riƙe da unguwar, aka buga a 1969. Dattawanmu dai abin da suke cewa shi ne gini namu ne, ƙasa ta masu gari ce. Ina ganin shi ya sa in ka zaga Sabo ba za ka ga bishiyar da aka dasa don jikoki ba. Abin da za ka gani ɗan dalbejiya ne a ƙofar masallaci ko makarantar allo, don inuwa. Ita ma dalbejiyar baƙuwa ce irinmu, daga wajen Indiya aka kawo ta, kuma Yarbawa da sunan da muka ba ta suke kiranta, dongoyaro, wato dogon yaro.

Wannan ke nan game da doka ta farko, ta gargajiya. Kuma ba ta tsaya a kan mallaka kaɗai ba, akwai itatuwan da ba a taɓawa don girmamawa ko tsoro. Ceɗiya, wadda suke kira odan, ita ake dasawa a kasuwa da dandalin gari. Aduruku, wanda mu muke shinge da shi, su akoko suke ce masa, ganyensa ake sa wa mutum a ka ranar naɗin sarauta. Peregun kuwa shi ne dutsen safiyonsu na da, in ka tuge shi kamar ka goge iyaka ne. Loko kuma sun yi imani akwai iska a cikinsa. Mu Musulmi ba mu yarda da wannan ba, haka ma Yarbawa Musulmi da yawa, amma ko a Arewa ai kowa ya san yadda ake kaffa-kaffa da tsohuwar tsamiya ko kuka da tsakar rana, don haka kada mu cika yi musu dariya.

Doka ta biyu Turawa ne suka zo da ita, kuma ba don son inuwa suka kawo ta ba. Ibadan ta shiga hannunsu da yarjejeniyar 1893, Kyaftin Bower ya zama wakilinsu na farko a garin, shi ne aka gina wa hasumiyar nan ta kan dutsen Oke Are a 1936. Jim kaɗan bayan zuwansu, wajen 1894 zuwa 1895, aka shiga haukan roba. Akwai wata bishiyar daji da Yarbawa ke kira ire, ana tsaga jikinta a tari danƙo a kai Ikko a sayar wa kamfanonin Turai. Kuɗi ya shigo, kowa ya faɗa daji, masu gaggawa suka riƙa tsaga bishiya ta ko'ina ko su kayar da ita gaba ɗaya don su tatse ta lokaci guda. Kafin 1900 itatuwan sun mutu da yawa, cinikin ya faɗi. Wannan asara, da kuma kwaɗayin katakon loko da maɗacin kurmi da ake fitarwa waje, su suka sa Turawa suka fara killace daji. Gandun dajin Mamu da na Olokemeji, waɗanda duk ba su da nisa da Ibadan, suna cikin na farko a ƙasar nan, wajen 1899 da 1900. Wajen 1903 aka ɗauko wani Bature mai suna H. N. Thompson wanda ya yi aikin daji a Bama, aka ba shi shugabancin ma'aikatar. Sarakuna da 'yan bokon Ikko sun yi ta ƙorafi a lokacin, suna cewa wannan dabara ce ta ƙwace ƙasa, kuma in ka duba ba su yi ƙarya duka ba.

Bayan an haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka yi babbar dokar daji ta 1916 wadda ta game ƙasa duka. Ku lura da shekarar. Shekarar da aka shata wa Hausawan Ibadan iyaka aka ce ga inda za ku zauna, ita ce shekarar da aka shata wa itatuwa tasu. Burin Turawa shi ne su killace kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Najeriya, amma abin da aka samu bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Muhimmin abin da ya shafe mu a nan shi ne dokar ba ta tsaya a cikin gandu ba. An ware wasu itatuwan katako aka ce ko a gonarka suke ba za ka kayar ba sai ka karɓi izini ka biya kuɗi, sannan ma'aikacin daji ya buga wa gungumen hatimi da guduma kafin a ɗora a mota. Loko yana sahun gaba a cikinsu. Daga 1954 harkar daji ta koma hannun gwamnatocin yankuna, daga baya jihohi suka gada, amma tsarin izini da guduma yana nan. Ibadan kuma ta zama cibiyar wannan ilimi, an buɗe makarantar koyon aikin daji a 1941, ga kuma cibiyar binciken daji ta tarayya a Jericho.

A cikin garin ma Turawa sun killace tuddai sun dasa itatuwa, musamman dajin Agala da ke kewaye da hasumiyar Bower, da wanda ke bakin rafin Ogunpa ta wajen Agodi. Hikimar ita ce Ibadan gari ne na tuddai, in aka tsiraita su ruwan sama ba abin da zai riƙe shi. An ga gaskiyar haka ranar 31 ga Agusta 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Bola Ige, lokacin da Ogunpa ya yi ambaliyar da har yau ake kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Babana yana yaro a lokacin, ya ce bai manta yadda aka riƙa tsamo gawarwaki da motoci daga cikin laka ba. Ba rashin bishiya kaɗai ya jawo ba, akwai gini a kan hanyar ruwa da zuba shara a rafi, amma share tuddai yana ciki. Duk da haka, da aka shiga wahalar kananzir bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Baba ya ce da idonsa ya ga mata da maza suna saukowa daga Agala da itace a ka, dare da rana, ba mai hana su, har tudun ya koma kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Na tambaye shi ko mutanen Sabo sun saya, ya ce, "To da me kake so a dafa tuwo?" Ranar 26 ga Agusta 2011 ruwa ya sake yin ɓarna a Ibadan, sama da mutum ɗari suka rasu. Wannan kam ina da wayo, na tuna an kwana ana salati.

Doka ta uku ita ce ta soja. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, wadda ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kowa izinin zama yake da shi. An kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a sauya ta cikin sauƙi. A takarda wannan doka ta yi wa irinmu daɗi, domin ba ta san ɗan ƙasa da baƙo ba, in ka samu takardar mallaka daga gwamna kai da kowa ɗaya ne. Amma akwai wani abu a cikinta da ya ƙara wa bishiya daraja. In gwamnati ta karɓi fili don hanya ko wani aikin jama'a, ba ta biyan kuɗin ƙasar ita kanta, abin da take biya shi ne diyyar abin da ke kai, gini da amfanin gona da itatuwa masu kawo kuɗi. Shi ya sa za ka ga ana bin gona ana ƙirga goro da koko da kwakwa ɗaya bayan ɗaya. Ke nan tsohuwar nan da ta zauna a gindin goronta ta san abin da take yi, ko a gaban gwamna bishiyar ce ke da farashi.

Wani abin da na lura shi ne babu dokar da ta kashe wadda ta gabace ta. Duk ukun suna raye a kan fuloti guda. Takardar Baba ta zamanin soja ce, loko yana ƙarƙashin dokar da Turawa suka bari, goro kuma yana ƙarƙashin al'adar da ta riga su duka. Mai sayen fili da bai san haka ba shi ne zai yi ta biya yana zagi.

A 'yan shekarun nan kuma an samu sabon salo a birane, inda ake kare bishiya don iska da zafi, ba don katako ba. 'Yan uwanmu na Agege da Idi Araba sun fi mu sanin wannan. Gwamna Fashola ya ware ranar 14 ga Yuli ta zama ranar dashen itatuwa a jihar Legas, aka kuma yi doka a 2011 da ta kafa hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. A lokacin dokar ta tanadi tarar naira dubu hamsin ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya sare bishiya ba izini, kuma wanda aka ba izini akan nemi ya dasa biyar a madadin ɗaya. A nan Ibadan kuwa, a ƙarshen 2023 aka yi ta cece-kuce lokacin da gwamnatin Seyi Makinde ta ba da wani ɓangare na dajin Ogunpa, bayan lambun Agodi, don a gina rukunin gidaje. Masu rajin kare muhalli suka yi zanga-zanga suna tuna wa mutane Omiyale, gwamnati kuma ta ce dajin ya zama maɓoyar ɓata-gari kuma lambun kansa ba za a taɓa shi ba. Ni dai a nawa ɗan tunanin, abin da ciwo a ce talaka sai ya yi ta zarya ofis a kan bishiya ɗaya, amma katafila ta kwantar da ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. In dokar tana da kyau, to ta hau kan kowa.

Bari in koma kan fulotinmu. Baba ya fara zuwa wurin malaminsa. Malam ya ce a fiƙihun Malikiyya in an sayar da ƙasa, gini da itatuwan da ke kanta sun shiga cikin ciniki sai in an toge su, amma ya ƙara da cewa mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, in har goron na marayu ne to Mogaji ba shi da ikon sayar da shi tun farko. Sannan muka je wurin wani lauya, ya ce Baba yana da hujjar da zai iya tsayawa a kai, amma shari'ar fili a kotu tana iya cin shekaru, kuma ko ka ci, da waɗannan mutane za ka yi maƙwabtaka. A mota muna dawowa na ce, "Baba, mu kai su kotu kawai, in muka yi shiru gobe wani zai zo ya ce ciyawar ma tasa ce." Ya ce, "Kai ɗan Sabo ne amma ba ka san zaman Kurmi ba. Kakanka ya yi shekara hamsin a garin nan bai taɓa taka kotu ba, kuma ba tsoro ne ya hana shi ba." Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda ƙaramar magana ta zama gobara da asarar rayuka, ya sa na daina ganin kamar Baba ya cika sanyi.

Aka zauna a gidan Baalen ƙauyen, da Mogaji da tsohuwar da 'ya'yanta biyu, mu kuma muka je da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa. Baale ya yi wa Mogaji faɗa sosai a gabanmu kan bai faɗi gaskiya ba ranar ciniki, aka sa ya mayar da wani abu daga kuɗin da ya karɓa, Baba ya cika, aka biya tsohuwar kuɗin goro uku da kwakwar da ta ce mijinta ya rena. A wannan karon ni na rubuta takardar da hannuna, na ƙirga kowace bishiya na sa, har da wata 'yar lemo da ba wanda ya yi maganarta. Duk wanda zai sayi fili a ƙasar nan, don Allah ya zaga shi da ƙafarsa tare da masu sayarwa, ya nuna kowace bishiya ya tambaya ta wace ce, a rubuta, kuma a nemi matan gidan su ma su ji, domin sau da yawa su ne masu cin amfanin itatuwan.

Loko kuwa har yau yana nan. Mai injin yankan katako na farko da muka kira ya ce sai mun kawo takardar izini daga ofishin daji, in ba haka ba za a kama masa inji. Na biyu ya ce ko da takarda shi ba zai taɓa ba sai an yi yanka an roƙi mai bishiyar ya tashi. Baba ya ce shi kuɗinsa ba zai sayi akuyar tsafi ba ko da za a fasa ginin. Sai birkila ya ja katanga ta ɗan karkace ta bar lokon a waje da taku biyu, muka yi asarar wurin da zai isa ɗan shago. Yanzu a gindinsa masu acaba suke fakewa da rana, har wani Bazazzagi ya kafa teburin shayi.

Goro biyu dole aka sare su domin a nan falo ya faɗa. Na ukun yana bayan ɗakin girki, Baba ya hana a taɓa, duk da Inna kullum tana mitar ganye yana toshe mata magudanar kwano. A kakar bara ya yi 'ya'ya. Baba da kansa ya sa gora ya kaɗo, ya fasa, ya jiƙa, ya ɓare, abin da a kasuwa mata 'yan ƙauye ne suke yi masa kafin kaya su iso hannunsa. Bai kai ƙwarya ɗaya ba, guda saba'in da 'yan kai ne, kuma yawanci ƙanana. Ya ware goma ya ce in kai wa tsohuwar, na tarar ba ta da lafiya tana kwance, ta karɓa ta ɓara ɗaya ta ce ɗacinsa bai sauya ba. Sauran ya naɗe su a ganye ya ba direban da ke kai masa kaya Kano, ya ce a miƙa wa ƙanin Kaka da ya rage a Bebeji, a gaya masa wannan ba na saye ba ne.

 Naku ɗan Sabo.